Maroƙin Gidan O'Derrig

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Ana sanar da jama'ar gabas da yamma cewa yau da safe Mai Martaba Fintan O'Derrig, magajin sarakunan Glenderrig ta ƙasar Ireland, ya fito da kwandon shararsa bakin titi. Ranar Alhamis ake kwasar shara a layinmu. Na faɗa masa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce kakansa Conn Gurgu bai taɓa tambayar kowa ranar da zai yi abu ba. Na ce shi ya sa aka kore shi daga ƙasar. Ya yi dariya har da tari.

Ni na ja masa kwandon na mayar. Ladana shi ne na sake jin tarihin gidansu tun daga tushe, ina tsaye da jaka a kafaɗa, bas ta zo ta wuce.

Tun da muka tare a unguwar Glenwood, nan Amurka, nake shan wannan karatu ta saman shinge. Tsohon mai raba wasiƙu ne fa, ya haura tamanin, shi kaɗai a gida tun rasuwar matarsa. Ireland kuwa ko a mafarki ban jin ya taɓa taka ta.

Alhamis, 12 ga Satumba

Yau bai fito da kwandon ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Abin haushi. Ina kotu ina yi wa wani mutumin garin Tawa tafinta kan laifin tuƙi, alƙali na juya takardu, sai na ji ina jero su a zuci kamar mai bitar hadda. Conn Gurgu da Turawan Ingila suka ci da yaƙi, ya shiga jirgin ruwa ya mutu a Sifen yana jiran sarkin can ya ara masa dakaru. Turlough Ja. Donal uku a jere, waɗanda ba abin da suka yi a duniya sai haihuwar juna. Brian Mai Hannu Ɗaya, wanda ya bar ɗayan a yaƙin sarkin Faransa. Art Mai Shiru. Conn na biyu mai sayar da giya a Nantes ta Faransa. Owen Ƙarami da ya ƙetaro Amurka. Hugh. Malachy na masaƙar jins. Sai gogan naka.

Ni da nake manta lambar wayar Malika, 'yar cikina.

Wai ranar da Conn Gurgu zai shiga jirgi ya juyo ya ce wa talakawansa kada a yanke sha'ir sai ya dawo. Shekara ɗari huɗu ke nan. Har yau da wannan magana gidan ke sallama. Ko kanti Baba Fintan zai je sayen madara sai ya ɗaga mini hannu: “Farfesa, kada a yanke sha'ir sai na dawo.”

Na duba littattafai da dama. Tafiyar sarakunan Ireland gaskiya ce, an yi ta, sun watsu Sifen da Faransa da Rum suna sa hannu da sunan garuruwan da ba su sake gani ba. Amma O'Derrig ban gan shi ko a gefen shafi ba. Ban faɗa masa ba. Ba don tausayi ba, don kada ya ƙara mini awa guda ta bayani.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na ba matata Chamsiya labarin Donal uku muna cin tuwo. Ba ta yi dariyar da na so ba. Cewa ta yi wai ita duk lokacin da tsohon nan ke magana marigayi Baba, mahaifina, take tunawa.

Ban ga haɗin ba, na ce mata. Ta ce a'a? Wane ne ke zama a zaure a Maraɗi yana cewa mu Katsinawa ne, zaman jira muke yi? Wane gida ne aka kora lokacin jihadi, shekara ɗari biyu, har yau ana kiran sarkinsu Sarkin Katsina alhali Katsinar na wata ƙasa sai da fasfo?

Na tuna mata cewa ni tarihi na koyar a lise, wato sakandare, kafin mu zo nan, kuma abin da na koya shi ne asali abu ne da masu jin yunwa ke tsara wa masu hatsi. Na bar wannan kaya a Maraɗi tare da babbar rigar Baba. Ta ce to, Malam, ƙara miya.

Asabar, 21 ga Satumba

Sunan jikan Mamane, wani ɗan ƙasarmu mai tsokana, a wani zauren haya kan titin Gate City Boulevard. Chamsiya ta dage sai mun tafi da Baba Fintan, wai kada ya wuni shi kaɗai. Ya sa kwat da laktaye kore, ya ci dambu da cokali mai yatsu.

Maazou ne ya yi roƙo. Ranakun aiki kaya yake kai wa mutane gida-gida a mota, Asabar da Lahadi kuma ya tuna gadonsa. Ya ɗauki makirufo ya hau kakannin jaririn ɗaya bayan ɗaya, mata na guɗa, maza na liƙa masa dala a goshi. Rabin mutanen da ya ambata na tabbata a hanya ya ƙirƙire su.

Baba Fintan ya taɓa ni ya tambayi abin da mutumin ke cewa. Na ce kakannin yaron yake kira. Ya ajiye cokali. Bai sake cin komai ba, bai kuma ambaci kakansa ko ɗaya ba har muka iso gida, abin da ban taɓa gani ba.

Talata, 24 ga Satumba

Wallahi da na sani da na bar shi ya wuni shi kaɗai.

Na dawo daga aiki na same shi a barandata, zaune, hula a gwiwa. Ya fara da cewa 'yarsa Orla za ta ɗauke shi farkon Nuwamba ta kai shi gidan kula da tsofaffi kusa da ita a garin Charlotte. Ya bar murhu a kunne sau biyu, likita ya yi magana, za a sayar da gidan. Ya faɗe shi kamar labarin wani. Sannan ya ce sunayen sun fara zube masa. Jiya ya kai kan Brian ya tsaya, kamar matakalar da aka zare wa tsani ɗaya. A rubuce babu su, gidansu ba a rubutawa, da ka ake ba da su. Orla kuma ba ta taɓa tsayawa ta ji har ƙarshe ba.

Za a yi masa walimar bankwana. Yana so a kira su duka a gaban jikokinsa sau ɗaya, da murya, a tsaye. Kuma a al'adarsu basarake ba ya kiran nasa da bakinsa, sai masani daga wani gida.

“Kamar mutumin nan na ranar Asabar,” ya ce. “Ban san mutanenku sun san wannan abu ba. Kai za ka yi mini, Farfesa.”

Ni. Kamar Maazou.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa a gidanmu mu ake yi wa, ba mu ke yi ba. Na ce ya nemi wani. Ya dube ni bai gane ba, ya ce ai shi girmama ni yake yi. Na ce na gode, ina da aiki. Ya sa hularsa ya sauka a hankali yana riƙe da ƙarfen matakala.

Bai ce kada a yanke sha'ir ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Jikan sarakunan Katsina, a tsakar ɗakin Bature, yana kwarzanta wasu Donal uku. Da Baba na raye da ya sake mutuwa.

Alhamis, 26 ga Satumba

Chamsiya ta ji komai ta tagar kicin, ba shakka. Ta bari sai da na ci na ƙoshi.

“Malam, ba kai ke cewa asali tatsuniya ce ba?”

Na ce har gobe.

“To tatsuniyar ce ta hana ka taimakon tsoho.”

Na yi mata bayani mai kyau, mai tsari, cewa batun ba na asali ba ne, na mutunci ne. Ta ce wane mutuncin, na ɗan sarki ko na tafinta? Ta kwashe kwanuka. Auren shekara ashirin da wani abu, har yau ba ta koyi barin mutum ya kai ƙarshen hujjarsa ba.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Labari ya isa masallaci. Ban san ta ina ba, na sani sarai. Muna neman takalma Mamane ya ɗaga murya: “Yarima, an ce Turawa sun naɗa ka sarkin roƙo. Yaushe ne wankan sarauta mu ɗinka anko?” Maazou ma ya matso, da gaske yake shi, ya ce in ina so zai koya mini yadda ake jan numfashi. Na ce Allah ya saka. Ya ce shi da zai karɓi aikin, sunayen ne ba sa shiga bakinsa.

Talata, 8 ga Oktoba

Mako biyu ba karatu ta saman shinge. Ina kama bas a kan lokaci. Ban san me ya sa abin ke ba ni haushi ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

An ɗage shari'a, na samu rana a hannu, na shiga laburaren cikin gari don in tabbatar wa kaina cewa tsohon nan shirme yake. Na ɗauko littafi kan mawaƙan sarakunan Ireland na da.

Ba abin da ke ɓata rai kamar littafi ya goyi bayan maƙwabci. Mutanen nan shekaru suke yi suna karatu kafin a bar su su buɗe baki. Kusa da sarki suke zama wurin cin abinci. Da doki ake sallamarsu, da shanu, har da gona. Sarki na tsoron harshensu. Kuma da sarakunan suka shiga jirgi, su ma tasu ta ƙare, don ba wanda za su kira.

Wato abin da ya miƙo mini kujerar dama da sarki ce, ni kuma na ga tabarmar bakin ƙofa. Shi bai san tamu ba, ni ban san tasu ba. Amma shi mai raba wasiƙu ne, ni kuwa Farfesa.

Duk da haka ba zan yi ba. Mamane na raye.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Chamsiya ta aika masa da farfesu ta hannun Malika. Ya dawo da kwanon a wanke, da gaisuwa ga uwargida. Ga uwargida kawai.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ina share ganye a bayan gidanmu da hantsi. Orla ta zo daga Charlotte da kwalaye. Ta zaunar da shi a kujerar lambu ta ɗora masa waya a gaba, wai ya faɗa ta naɗa, shi ke nan an huta. Ina jin su ta shinge, ba leƙe nake ba, ganyen ne ya taru a wajen.

Ya ce ba a yin haka, mutum ba ya kiran nasa. Ta ce Baba don Allah, ina da tuƙin komawa. Ya fara. Conn, Turlough, ya tsallake Donal ɗaya, na ƙyale. Ya kai Brian Mai Hannu Ɗaya. Shiru. Ya sake cewa Brian. Ya koma farko ya sake gangarowa ya tsaya nan dai. Orla ta ce ba komai, a wuce na gaba. Ya ce ba a wucewa, in an tsallake mutum ya mutu ke nan.

“Art Mai Shiru,” na ji wani ya faɗa da ƙarfi.

Ni ne. Da tsintsiya a hannu.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Sai wa?” Na ce Conn mai giya. Ya ce sai wa. Haka muka gangaro har kan Malachy, shi yana tambaya ni ina amsawa ta bayan katako, kamar ɗalibi da malamin da ba sa ga maciji.

Da yamma Orla ta same ni a bakin mota. Ta ce ta biya an bincika mata a intanet, ba a samu kowa ba kafin Owen, kuma shi ma lebura aka rubuta. Ita ba ta yarda da ko ɗaya ba. Amma tun ranar da na ƙi, ba ya son a yi zancen walimar, cewa yake a kai shi kawai. Ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa da na samu abin ƙi.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na je na ƙwanƙwasa. Na ce zan yi, bisa sharaɗi biyu: ba makirufo, ba Mamane. Ya ce bai san wani Mamane ba. Ya ce in tsaya ta kafaɗarsa ta dama, kuma kada in yi sauri a kan Donal uku, su ma mutane ne.

Laraba, 23 ga Oktoba

Gwaji a falo, da Turanci. Chamsiya ta saurara har ƙarshe ta ce kamar ina karanta wa mutum tuhumarsa a kotu. Malika ta ce da Turanci wai ya yi kyau, idonta a kan waya. Na sake, na ƙara murya. Chamsiya ta ce yanzu kuma kamar an yanke masa hukunci.

Ban nemi Maazou ba. Haɗuwa muka yi a kantin 'yan Afirka wajen buhunan gero, na tambaye shi abu ɗaya kawai, don ilimi. Ya ce ba suna ake kira ba, mutum ake kira, sai ka ga kamar zai amsa. Ya ce kowane sai ka ba shi abin da zai riƙe. Sannan ya tambaya ko in ya zo zai samu abinci.

Talata, 29 ga Oktoba

An kafa allon sayarwa a gaban gidansa. Ya fito da kwandon shara. Talata. Na bar shi nan har Alhamis.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Jiya aka yi.

Falo duk kwalaye, hotuna an sauke sai tabonsu a bango. Orla da mijinta da yaransu, tsofaffi biyu daga cocinsa, wasu abokan aikinsa na gidan waya. Da Mamane, cikin shadda, a kujerar gaba. Chamsiya ta rantse ba ita ba ce.

Baba Fintan na zaune da kwat ɗin nan da koren laktaye. Tun safe bai cika gane mutane ba, ya kira Orla da sunan mahaifiyarta. Na tsaya ta damansa na fara da Turanci. Conn, wanda ya bar ƙasarsa a shekara kaza. Turlough, ɗansa. Ƙaramin jikan ya zame ƙarƙashin tebur. Tsohon kansa yana kallon taga. Mamane yana kallon silin da fuskar mai jiran abin da zai kai masallaci.

Ban yanke shawara ba. Bakina ne ya juya.

“Conn Gurgu, mai ɗingishin da jirgi ya jira! Ka bar sha'ir a tsaye, ka bar ƙofa a buɗe. Baƙon Sifen, mai kwana da takalmi. Uban Turlough Ja, wuta a kan dutse!”

Da Hausa, da muryar da ban san ina da ita ba. Muryar mutanen da ke tsayawa a ƙofar zaurenmu da safiyar salla ina yaro, ina ɓuya bayan rigar Baba ina jin kunya. Ashe duk tana nan.

Na ba kowane abin riƙewa. Donal na fari na ba shi haƙuri, na biyu na ba shi gadon haƙuri, na uku na ce shi ne ya ƙi mutuwa sai da ya haifi Brian. Ba mai jin ko kalma a cikinsu sai sunayen, amma yaron ya fito daga ƙarƙashin tebur. Da na kai Brian na ja numfashi yadda Maazou ke yi, kafin in buɗe baki tsohon ya ɗago kai ya ce, “Art.” A fili. Daga nan kafin in kira kowane ya riga ni, ni kuma in bi da kirari. Da na kai kansa na ce Fintan ɗan Malachy, mai kai wa kowa saƙo har ƙofa, Chamsiya ta rangaɗa guɗa har matan coci suka dafe ƙirji. Orla na kuka tana dariya, waya a hannu.

Sai na ji an manna mini abu a goshi. Mamane. Na buɗe ido in harare shi, na ga ba dariya yake ba.

Bayan an ci abinci Baba Fintan ya sa surukinsa ya turo injin yankan ciyawarsa har gabana. Ya ce kakanninsa doki suke bayarwa, in yi haƙuri da wannan.

Yau da hantsi suka tafi. Ya sauke gilashin mota ya neme ni da ido.

“Farfesa, kada a yanke sha'ir sai na dawo.”

Na ce ba mai taɓa shi.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Malika ta same ni a kicin. Da Hausa ta yi magana, abin da sai ta so kuɗi ko ta yi laifi. Ta ce, “Baba, namu fa? Yi mini namu.”

Na gyara tsayuwa. Ni, Salissou ɗan Abdoul-Aziz, ɗan Jimrau, ɗan... Na san akwai wani mai dogon gemu da ya ƙi shan ruwan Maraɗi shekara guda. Sunan bai zo ba. Na koma farko na sake gangarowa. Nan dai.

Ta jira. Sannan ta ce ba komai, da Turanci, ta ɗauki tuffa ta fita.

Donal uku ina da su.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kira Gwaggo Fassouma a Maraɗi. Da ta ji abin da nake nema sai da ta tambaya wa ya rasu. Na ce ba kowa. Ta ce to me ya same ni, ba ni ne na ce wa yayanta a bar matattu su huta ba? Ta yi ta yi, sannan ta fara. Na sa Malika ta zauna. Mun kai na bakwai kafin layi ya yanke, gobe za ta ci gaba, wai in tanadi katin waya.

Ciyawar gidan Baba Fintan ta ɗan taso. Mai sayar da gidan ta ga injin a wurina ta tambaya ko zan taimaka. Na ce ya lalace.

Mai dogon gemun sunansa Ɗanbaskore Ƙarami. Ba tatsuniya ba ce, ko in ce ba ita kaɗai ba. Chamsiya ce da gaskiya. Ba sai ta ji ba.